Mai Kwasar Laka

Kafin ladanin Gamkalle ya gama gyaran murya
na riga na zura takalman roba,
na hagu ya huje tun damina,
na gangara ƙasan majema
inda ruwan jima ke saukowa
baƙi ƙirin, da gashin awaki a bayansa,
da warin da kan bi ni har cikin tuwon dare.

Da can kai tsaye yake faɗawa kogi,
ba mai tambayarsa takarda.
Yanzu mun haƙa masa masauki,
mun ce: baƙo, tsaya nan, sauke kayanka.

A ramin farko ba mu yi masa komai,
haƙuri kawai.
Mai nauyi shi ke fara gajiya:
toka, dakakkiyar bagaruwa,
tsokar da wuƙa ta kankare daga fata,
su kwanta ƙasa su zama laka.
Lakar nan tawa ce,
ni da shebur da baro mai kukan ƙafa.

Madam Zuwera kan zo ran Talata bisa moto,
kwalabe shida cikin jaka.
Ta ɗiba, ta ɗaga wa rana, ta rubuta,
ba ta taɓa toshe hanci ba a gabana,
na riƙe mata wannan.
Ita ta kawo kainuwa, bokiti biyu.
Tsoho Illo ya ajiye fatar da yake miƙewa, ya yi dariya:
kainuwa dashen Allah ce,
yaushe ta koma dashen ƴar lakkol?
Wata biyu, rami na biyu ya rufe ruf da kore,
saiwoyi na lilo a ƙasa kamar gemu,
suna tsotsar abin da ido bai gani.
Illo bai ce komai ba.
Ya dai daina zubar da toka ta bayan katanga.

Ran nan Inna Tsahara ta zo da buhu,
ta ga ganye shar, tana da akuya mai ciki.
Na ce a'a.
Ta ce rowar ciyawa kuma, ɗan nan?
Yaya zan gaya mata
wannan koren ƙoshi ne na dafi,
abin da muka hana kogi shi ganyen ya haɗiya?
Ta tafi tana faɗa. Har yau ba ta amsa gaisuwata.

Daga nan sai yashi, sai tsakuwa,
sai gawayin ƙwallon goriba da nake dakawa da kaina.
Ruwan ya shiga da duhu,
ya ɗiɗɗigo ta bututu kamar mai jin kunya,
ba fari tas ba, kada in yi ƙarya,
amma kana ganin layin tafinka a cikinsa.

Hima mai kwalekwale bai san lamba ba.
Ya ce shi takardarsa kwaɗo ce:
shekara tara bakin wannan magudana shiru.
Daren Alhamis ya buga mini waya,
bai yi sallama ba, ya ce saurara,
ya miƙa wayar wajen ruwa.

Na ji su. Biyu ne, ko uku.

Sai dai laka.
Na shanya ta, ta bushe, ta tsage kamar kaushi,
na ɗura ta buhu talatin da ɗaya,
mota ta zo ɗauka.
Na tambayi direba, ina za a kai ta?
Ya ce, nesa.

Na wanke hannu a bakin bututu,
na sake wankewa.
Nesa ma garin wani ne.
Talata in Madam Zuwera ta zo
zan bari ta rufe kwalabenta tukuna,
sannan in tambaye ta.