Kashi Talatin

A Dayton, a wani gida mai bene da fentinsa ya gaji,
nake kula da tsoho Ozell Pettaway,
Litinin zuwa Alhamis.
Ni ke ƙirga masa ƙwayoyi:
farare biyu, ja ɗaya,
da 'yar mitsitsiyar nan ta ƙarƙashin harshe
wadda ba ta kwana nesa da aljihunsa.

In zan sauya masa riga sai na ga ɗinkin,
daga gindin wuya har kusa da cibiya,
kunya guda a gonar da aka fasa nomawa.

Yana ɗan sha tara aka kai shi yaƙin Biyetnam.
Ya ce jirage kan zo da sassafe, uku a jere,
ƙasa-ƙasa,
suna zubo wata raɓa mai maiƙo.
Kafin mako daji ya tuɓe,
kamar an yi wa ƙasa aski da tsohuwar aska.
Gangunan masu ɗamara ruwan goro
in sun ƙare, a huda gindi a rataye, ga wurin wanka.
Wani ɗan Tekzas ya tsaga ɗaya biyu, ya gasa nama a kai.
"Ciyawa kawai yake kashewa," in ji su.
Ya yi dariya,
dariyar ta rikiɗe tari.

Na san maganar nan.
Babana a Bakori, famfon feshi a gadon baya,
ƙafa ba takalmi, hanci a buɗe,
abin da mai shago ya gaya masa ke nan.
Ban ce komai ba. Na miƙa ruwa.

Takardun suna cikin gwangwanin biskit a kan firji.
Ta farko ta ce: ba mu ga alaƙa ba.
Ta biyu ta ɗora wa sigari.
Ta uku ta tambayi abin da ya kashe kakansa.
Vernice ce ke amsa musu, da biro shuɗi,
har rubutunta ya fara karkacewa,
har ya tsaya.

Da ciwon ya shiga jerin da hukuma ta yarda da shi
sai aka ce ya zo a auna.
Ni na tuƙa shi.
Suka manna masa wayoyi a ƙirji,
suka ɗora shi kan injin da ake tafiya ba a zuwa ko'ina.
"In ka gaji ka faɗa," in ji yarinyar mai farar riga.
Wa ya taɓa jin soja ya faɗa?
Na ga leɓensa ya yi toka.
Na ga ya damƙe ƙarfen kamar mai tsallake kogi.
Bai faɗa ba.
A mota ya sa ƙwayar ƙarƙashin harshe,
muka yi rabin awa ban tada inji ba.

Wata bakwai, ambulan ta iso.
Kashi talatin cikin ɗari.
Juriyarsa ce ta ba da shaida a kansa.

Ya juya takardar, ya duba bayanta.
Ya ce, "Bara'atu, sauran saba'in ɗin fa?
In tana wurinsu su aiko mini.
Matakala goma sha huɗu ce tsakanina da ɗakin Vernice,
rabona da shi tun bara."

Yau Alhamis.
Fom ɗin ɗaukaka ƙara yana kan tebur,
kofin shayi ya yi masa zobe.
Shi yana bayan gida kan kujerar roba,
yana kallon ciyawa tana cinye masa tumatir.
Maƙwabci ya leƙo ta kan shinge da jarka mai ruwan ɗorawa,
ya ce feshi ɗaya ya isa.
Tsoho ya ɗaga hannu, bai ko waiwaya ba.

Na durƙusa ina cira da hannu
yadda uwata ta koya mini, har saiwa.
Da na kai ga wata doguwa a jikin bango
ya ce, "Bar wannan.
Ba ta yi mini komai ba."