Uku da Takwas

Tun ladanin Bilbis bai gyara murya ba
na tayar da firigo, mota fanko.
Tankari ya ce, "Maigida, asarar gazuwal,
wa muke sanyaya wa, iska?"
Na ce iskar fa.
Ba a shigar da nama ɗaki mai zafi
a ce sanyi ya biyo shi daga baya.
Haka Nomau ya koya min
shekarar da nake wanke masa taya.

Raguna sittin, balami da uda,
an feɗe, sun kwana a ɗakin sanyin mahautar Tawa.
Muka rataye su a ƙugiya, kowane da tazararsa,
kada ƙirji ya taɓa ƙirji,
don sanyi matafiyi ne, sai an bar masa hanya.
Na rufe ƙofa, na bi robar bakinta da yatsa,
na rubuta: ƙarfe biyar, digiri biyu.

Badagishiri, biyu. Tsarnawa, uku.
A Ƙonni wani ya ɗaga mana hannu,
buhun albasa huɗu a gefensa:
"Ku jefa min a baya, ga jaka biyar."
Jaka biyar kuɗi ce, ban ce ba kuɗi ba ce.
Amma duk buɗe ƙofa bashi ne,
kuma nama ke biya.
Na ce Allah ya kawo masa wata motar.

Mun wuce Dutsi na ji shiru.
Wanda bai ja firigo ba bai san wannan shirun ba:
inji na ruri, rediyo na surutu,
amma ƙugin da ke bayan ƙeyata ya ɗauke.
Bel ya tsinke.
Na cusa mota ƙarƙashin gawo,
shi kaɗai ke da ganye a wannan wata.
Tankari ya hau da sufana a baki,
ƙarfe na cin tafin hannunsa,
ni ina ƙasa, ido kan allura.
Huɗu.
Biyar.
Tana hawa a hankali kamar kunama a bango.
"Mu leƙa mu gani?" Na ce ko da wasa.
Bakwai.
Ban san na iya addu'a da lissafi lokaci guda ba.
Takwas.
Minti hamsin ba uku, sai ƙugi ya dawo.

Ga littafi a cinya, ga biro.
Ba mai shaida sai gawo da yaro,
yaron ma ya kau da kai yana hura hannu.
Tsakanin uku da takwas, a rubuce,
lanƙwasa biyu ce 'yar ƙarama.
Ban san wanda zai ci naman nan ba:
ko mai jego, ko tsoho mai haƙori ɗaya,
ko ɗan makaranta da aka ce ya cinye kafin ya tashi.
Da na san shi, da na kira shi na faɗa masa.
Tunda ban san shi ba,
na rufe bakin takwas ɗin sama da ƙasa.

Yamai, bayan isha'i.
Madam Barira ba ta gaisuwa sai ta auna.
Ta karanta littafi, ta ɗago ta dube ni,
ta soka ma'auni a cinya bayan cinya
har sittin, ba ta tsallake ko ɗaya ba.
Uku na bakin ƙofa ta ce a sauke gefe.
Kuɗinsu daga nawa ne, na sani.

Da safe na shiga Katako
na sayi bel biyu, da man shafawa na ƙuna.
Tankari ya karɓa, ya juya su a hannu,
ya ce, "Maigida, biyu?"
Na ce hau ka tayar da firigo,
akwai kifin da ke jiran mu a bakin kogi.