Ɗigon Dalma a Owode Onirin

Ɗigo na farko a kan takalmina ya sauka,
ya huda roba, ya gaisa da babban yatsa.
Ban yi ihu ba. Na tsaya ina kallo
yadda tukunyar da Baba Korau ya bar mini
take zubar da hawaye masu nauyi,
farare kamar sabon sule,
suna daskarewa kafin su gama faɗin abin da ke ransu.

Ga shi Ajasa maharbi zai iso daga Epe ran Laraba.
Gyazbi ya cinye masa rogo kadada guda,
ya biya rabin kuɗin harsashi tun watan jiya,
kuɗin kuwa sun daɗe da zama garin kwaki.

Na janye gawayi. Na bari ta huce.
Mai gaggawa da dalma, fatarsa ke biyan bashi.

Bakin bututu na fara tuhuma,
don shi ne ke kusa, shi ne mai sauƙin zargi.
Na zare sandar da ke toshe shi,
na kankare dattin shekara bakwai da tsinken waya,
na goga kanta da toka da bakin mai
har ta zauna daram a gurbinta.
Na hura wuta. Na jira.
Ɗis.
Ashe na mari marar laifi.

A Legas ƙarfe ba ya tsufa, ruɓewa yake.
Iskar teku na shigowa da gishiri a aljihu,
ta kwana a rumfa ba sallama,
damina ta bi ta ƙarƙashin kwano ta ƙarasa aikin.

Sai na tuna abin da tsohon ya taɓa yi
wata ranar da nake ganin wasa ne.
Na kwashe ta ƙaf, na shafe bayanta da alli,
na zuba kananzir a cikinta, sanyi ƙalau,
na tafi sallar la'asar.
Da na dawo, ga zare siriri ya jiƙe a farin alli,
daga gindin bututu ya karkata hagu,
tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba.
Daidai wurin da Baba ke ƙwanƙwasa ta da awartaki
duk sanda magana ta ƙi fita daga bakinsa.
Shekara talatin yana bugun wuri ɗaya.
Ni ma, tun rasuwarsa, nan nake bugu.

Sikiru mai walda ya juya ta a hannu, ya yi tsaki.
Ya ce in sayi sabuwa, ga su can jibge bakin titi.
Na ce ya huda ƙarshen tsagar biyu tukuna,
don tsaga kamar gulma ce,
in ba a tare bakinta ba, gaba take ci.
Muka jira wuta har bayan isha'i.
Da ta zo, unguwa ta ɗauki sowa,
shi kuma ya ɗinke ƙarfen da shuɗin haske,
muka binne ta a yashi mai ɗumi ta kwana.

Da asuba na shanya ta a kan garwashi
har laima ta fita sarai,
don ruwa da narkakkiyar dalma ba sa ga maciji.
Na zuba, ta narke, fuskarta ta kwanta kamar madubi.
Na sa faranti a ƙasa. Na ƙirga ɗari biyu.
Motoci na ta ƙugi a hanyar Ikorodu.
Farantin bai ji komai ba.

Ɗigon nan na farko yana aljihuna har yanzu.
Ban mayar da shi tukunya ba.
Awartakin kuma na rataye shi nesa da hannun dama.