Littafin Amana a Gadarif

Mutum saba'in da uku suka ɗora mini kuɗinsu,
ni Tanimu ɗan Sabo, tsohon malamin lissafi,
wai don ba a taɓa ganina ina shan shayi bashi ba.
Akwai Gambo mai agashe, akwai direbobi biyu,
akwai Inna Tabawa da ta kwance bakin zane
ta ƙirgo nata da ƙanshin man tuya a jikinsu,
ta ce, "Na likkafani ne. Juya su, kada ka karya su."

Na raba dukiyar gida biyar.
Riɗi a gonar gabas da gari,
ƙaro buhu-buhu a rumbun Attahiru,
tumaki masu jiran jirgin Jidda,
ɗan ƙullin zinariya a akwatin ƙarfe,
sai shaguna biyu na haya a bakin kasuwa.
Na ce in ɗaya ya yi tuntuɓe
huɗun sa tare shi.
Na rubuta da jan biro, na yi barci har da minshari.

Sai ruwa ya ci gada.
Kwana goma sha tara babu motar da ta nufi teku.
Riɗi ya kwana, ƙaro ya kwana,
tumaki suka ci ribarsu a dusa suna kallona,
masu haya suka ce ciniki ya mutu, sai wata na gaba.
Ashe 'ya'yan nan da na raba wa ɗaki
uwarsu ɗaya, hanya.
Zinariya ce kaɗai ta yi ƙiba,
ita ma don fam ne ya rame.

A taron bayan Isha'i Mu'awiya ya miƙe,
yaro mai kaifin kai, na koyar da shi raba lamba.
"Malam, a sare dakwarar nan, gawayi na tsada.
A shuka riɗi wurin, shekara biyar ba hutu.
Abin da ya saura a kai ramin haƙar arewa,
zaiba kwalba ɗaya, riba ninki uku."
Aka yi masa tafi. Har ni hannuna ya motsa.

Amma na je gonar nan da ƙafata.
Baƙar ƙasa mai tsagewa kamar diddigen tsoho,
bara ta ba mu rabin abin da ta saba,
ba ta ce komai ba, haka take gargaɗi.
Dakwara kuwa sai an yanke ta take kuka,
kukan nan muke sayarwa,
in ka sare ta, hawayen shekara nawa ka ƙona a murhu ɗaya?
Na kuma tuna ɗan ƙanwata da ya dawo daga ramin,
cokali ma rawa yake a hannunsa.
A wane shafi zan rubuta wannan?
Littafina shafi biyu gare shi, shiga da fita,
babu na rijiya, babu na jika.

Na ce a'a.
Mutum goma sha ɗaya suka nemi nasu a daren.
Na karyar da tumaki talatin don in biya su,
dillali na dariya cikin hannun riga.
Mu'awiya bai gaishe ni ba har Sallah ta wuce.

Ban san ko na yi daidai ba.
Damina ba ta sa hannu a yarjejeniyar kowa.
Na dai ƙara shafi na uku, na ja masa layi da rula,
na ware kaso ɗaya da ba ya bin hanyar teku,
dawa a rami, ba riba, ba tafi.

Jiya Inna Tabawa ta leƙo.
"Suna nan?"
Na ce sun rame, amma suna numfashi.
Ta ajiye mini ƙosai uku a kan littafin,
mai ya ratsa takarda
har ya taɓa sunanta.