Matsirgar Yini Ɗaya

Na dawo daga bautar ƙasa a Mambila
wayata cike da hotuna:
duwatsu sun naɗa rawanin gajimare,
ruwa na faɗowa, shekara ba ya hutawa.
Kawu Arzika ya duba, ya miƙo mini abata,
ya ce, "Bari dai marka ta kankama."

Daren Laraba aka kwana ana yi
kamar da bakin ƙwarya.
Ana sallame asuba sai ga shi a ƙofar ɗaki,
gora a kafaɗa, sandar geza a hannu:
"Taho, ɗan boko,
kada rana ta riga mu sha."

Tsaunin bayan garinmu, gabas da Dange,
akushi ne da aka kife aka manta.
Tun ina yaro nake ganinsa,
ban taɓa tambayar me ke kansa ba.

Muka bi ta gero, raɓa har ƙugu.
Marmara ta ci mini takalmin kanti,
nasa na tsohuwar taya bai ko gezau ba.
Sau uku ina neman gindin sabara in huta,
sau uku yana yi kamar ƙaya yake cirewa
don kada in ji kunya.

A sama babu ƙololuwa.
Fili ne baƙi, shimfiɗe kamar tabarmar masallaci,
kududdufai ƙanana, kowanne riƙe da nasa sararin,
da kashin awaki, da murhun wani makiyayi.
Can nesa Sakkwato ta koma tafin hannu,
hayaƙin Kalambaina siririn zare.

Kunne ya riga ido.
Ga shi nan, ja kamar shayin da ya ji madara,
yana faɗawa gaba huɗu, ko biyar,
cikin kwazazzabon da ya gina da kansa.
Hasbiyoyi suka watse.
Kawu ya tuɓe hula, ya tara ƙeya,
yana dariya da haƙoransa shida.

"Nan munka yi wanka da ubanka,
shekarar da anka yi fara.
Shi yaf fi ni tsoro."

Na ciro waya. Caji ya ƙare.

Kafin la'asar mun gangaro.
Na waiwaya: dutsen ya yi shiru,
sai wani danshi baƙi a gefensa
kamar inda yaro ya share hawaye
don kada a gane a gida.