Kasko Ɗari da Ɗaya

Madam Nirmala ta tako har Yalwa da ƙafarta,
ta tsallake randunana, ba ta taya ko ɗaya ba.
Ta lanƙwasa tafin hannunta, ta ce,
"Irin wannan nake so, guda ɗari,
ki matse musu baki kamar na tsuntsu."
Na ce, Madam, wannan ko ɗan tsako ba ya ƙoshi da ruwa a ciki.
Ta yi dariya, ta ajiye kafin alƙalami.

Kwana shida ina murzar yumɓun bakin Binuwai,
ni da na gina randar da yaro ke ɓuya a ciki,
yau ga ni da kayan wasan 'yan mata.
Ɗari da ɗaya suka fito daga wuta.
Ɗayan ya tsage, na ƙulle shi a bakin zane.

Ran da na kai, gida ya sha shara har bayan ƙyaure,
an kwashe yana, an wanke bango.
Maigidan ya rufe tsohon littafin shago,
ya buɗe sabo fil, ya ɗiga masa ja a goshi.
'Yarsu na durƙushe a bakin ƙofa,
garin shinkafa mai launi na zuba tsakanin yatsunta,
fure na tsirowa a kan siminti,
kai ka ce gidan aka ɗaura wa lalle.

"Diwali ke nan," in ji ta, tana murza lagwani,
audugar nan tamu ta Garwa, da man gyaɗarmu.
"Daren da babu wata muke jira.
A wurinmu arziki mace ce,
ba ta shiga ƙazamin gida, ba ta shiga mai duhu.
An kuma ce wani ɗan sarki aka kora daji
shekara goma sha huɗu.
Ran dawowarsa dare ya yi masa a hanya,
sai mutanen gari suka jera fitilu
kada ya ɓata a ƙofar gidan ubansa."

Magariba ta yi, na shimfiɗa gyale a bayan mota.
Kafin in sallame lantarki ya ɗauke,
unguwa ta ja tsaki kamar yadda ta saba.
Na waiwayo.
Ga kaskona a kan katanga, a kan taga, a gindin mangwaro,
kowanne ya ɗebi wuta daga bakin ɗan'uwansa,
kuma ba wanda ya ragu.
Ban san haka suke ba, ni da na haife su.

Aka fito da alawar madara, zaƙinta har ka.
Maigadi ya samu, mai shayi ya samu,
da malamar cocin da ke maƙwabtaka.
Yara na harba wuta sama, karnuka na tsinuwa.
Ita kuwa ta koma lungu da waya a kunne,
tana magana da uwarta da wani yare,
shekara tara rabon da su haɗu.
Kukan dai irin namu ne.

Sa'adu na ya tafi su a Tafkin Chadi.
Bana bakwai.
Na lissafa a hanya: rabin sha huɗu.

Na kwance bakin zane, na liƙe tsagar da ƙaro,
na ɗiba daga man miyar gobe,
na ajiye shi a dokin ƙofa.
Tambai ta leƙo ta kan danga:
"Tasalla, addinin Indiyawa kika koma?"
Na ce, ina nan inda kika san ni.
Lungun ne da duhu,
ga kwata an haƙa bayan tafiyarsa.

Man yana bin tsagar yana ɗiga.
Kafin asuba sau uku na tashi na ƙara.