Kwalbar Baba

A kan taga, bayan zare da allurai,
nan Baba ke ajiye ta:
'yar kwalba, murfinta ya ɓata tuni,
ya toshe bakin da ƙyallen shadda.
Man habbatus sauda,
mai ɗaci, mai yaji a maƙogwaro
kamar faɗan wanda ke son ka.

In ta kusa ƙarewa, sai ya taka Ƙofar Doka,
wajen Tanimu mai turare,
ya ɗaga kwalbar, ya haska ta a rana,
"Tanimu, ba ka surka da man gyaɗa ba dai?"
Tanimu ya rantse, Baba ya shinshina,
sannan hannu ya shiga aljihu.

Daminar da tari ya hana ni barci,
ɗigo uku ya sa mini a cokalin zuma.
Na yamutsa fuska, na haɗiye,
ya ce, "Ɗacin ma aikinsa yake."
Ya shafa mini a ƙirji, ya lulluɓe ni,
ruwa na dukan kwano, ni ina ƙamshin kasuwa.

Inna Delu ta kan saci kaɗan don gashinta,
ya gani, ya yi kamar bai gani ba.
Shi kuwa, in ya wuni sunkuye kan aikin aska takwas,
yatsu sun ƙage, gwiwa ta yi tsami,
sai ya ɗumama shi a tafin hannu,
ya mulke gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya
yana gaishe su da aiki.

Da ciwo ya yi nauyi muka kai shi Shika.
Bai yi gardama da likita ba,
ya sha ƙwayoyinsa kan ƙa'ida,
amma kwalbar na ƙarƙashin matashi.
Na ce, "Baba, ba ka ce maganin komai ba ne?"
Ya yi murmushi: "Ba ki ji ƙarshen zancen ba, Lantana.
Akwai guda da aka keɓe."

Gudan nan ya zo ran Laraba, bayan la'asar.

Aka raba riguna, aka raba allurai,
ni kwalbar na ɗauka, saura kamar yatsa biyu.
Jiya a Samaru ɗana ya kwana tari.
Na zare ƙyallen,
ɗakin ya cika da Baba.
Yaron ya yamutsa fuska,
na ji bakina yana cewa,
"Haɗiye. Ɗacin ma aikinsa yake."